Adireshi na Biyu a Gidan Injiniya

Ranar da Auta zai iso, Injiniya ya ɓata safiyarsa kaf yana fitar da gawawwakin na'urorin buga takardu daga ƙaramin ɗakin da ke kusa da banɗaki. Gyaransu ne sana'arsa, kuma duk wadda ta gagara gida yake kawo ta, wai wata rana zai ciri wani abu a jikinta. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta taɓa koyarwa, ta jingina da ƙofa tana kallon shi yana haki.

"Tun yaushe nake roƙon ka kwashe tarkacen nan," ta ce. "Ashe ƙaninka kake jira."

"To ai shi ma mijinki ne. Ɗakin ango nake gyarawa."

"Ango marar aiki? A kai kasuwa."

Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Yana firamare mahaifinsu ya rasu, Injiniya ya ɗauke shi ya riƙe, shi ya kai shi makaranta, shi ya fara zaunar da shi gaban kwamfuta. Yaron ya tashi da wani irin hannu, yana bugun kibod yana hira da kai, idonsa a kanka, ba kuskure. Ya yi shekaru a wata maɗaba'a yana buga rubutun littattafai, har ranar da mai wurin ya tara su ya ce an rufe. Haka ya hawo benen gidan yayansa da jaka ɗaya a kafaɗa, kwamfutarsa a rungume kamar jariri.

Malama daga gida take aiki. Wani kamfani ne na ƙetare yake turo mata muryoyin da aka naɗa, hirarraki da taruka da bayanan likitoci, ta sa abin sauraro a kunne ta mayar da su rubutu. Ta daɗe tana yi, ta kai matakin da ake ware mata ayyuka masu tsoka, har ana ba ta na sababbin shiga ta duba. Ita ce ta lura da Auta yana kwana yana tashi a falo, ya fita neman aiki da safe da guga a rigarsa, ya dawo da yamma takalmi duk ƙura, ya ce "Alhamdulillahi" ya shige ɗaki.

"Zo nan, mijin wahala," ta ce da shi wata rana. "Wannan hannun naka ba na zaman banza ba ne. Buɗe asusu a wurinmu ka yi jarrabawarsu."

Ya yi, ya ci a zama ɗaya. Kafin wata ya zagayo ya fara wuce ta a sauri, ita kuma ta wuce shi a kunne, don akwai muryoyin da sai ya taso ya miƙa mata abin sauraronsa ya ce, "Anti, don Allah me wannan tsohon yake cewa? Kamar yana tauna tsumma." Injiniya kan dawo da yamma hannunsa baƙi ƙirin da garin tawada, ya tarar da su suna gardama a kan wata kalma, abinci na neman kamawa a kan wuta. Sai ya wanke hannu yana murmushi. A ransa yana jin ya sauke wani nauyi da ya ɗauka tun rasuwar mahaifinsu.

Wata Asabar intanet ɗin gidan ya ɗauke, kamfanin layi ya turo ma'aikacinsa, wani gajeren mutum mai yawan surutu. Ya canja kan wayar da ta tsinke a bayan rauta, akwatin nan mai ƙyaftun fitilu da ke raba intanet a gidan. Yana naɗe kayansa ya leƙa allon Malama, ya leƙa na Auta ta ƙofar da ke buɗe, ya ga tambari iri ɗaya.

"Ku biyu wuri ɗaya kuke wa aiki?"

"Eh," in ji Injiniya. "Da matsala ne?"

Mai layi ya ajiye jakarsa. "Maigida, bari in gaya maka. Duk na'urar da ke gidan nan, wayarka, kwamfutarta, tasa, in za su fita waje da lamba ɗaya suke fita. Ita ake kira adireshin IP. Kamar lambar ƙofar gida ce: mutum goma na ciki, amma na waje ƙofa ɗaya yake gani. Irin kamfanonin nan kuwa suna tsoron mutum ɗaya ya buɗe asusu biyu. In na'urarsu ta ga asusu biyu a lamba ɗaya, ba ta tambaya, rufewa take yi."

"To sai mu jawo wani layin?"

"Ba sai kun jawo ba. Layin nan ɗaya zai ɗauki lamba biyu, har fiye. Ka je ofishinmu ka nemi ƙarin adireshi. Za su mayar da kai tsarin 'yan kasuwa, in zo in saita, ita ta riƙa fita da tata, shi da tasa. Sai ku rubuta wa kamfanin ku sanar da su. Amma kada ka yi sanya."

"Litinin in Allah ya kai mu," in ji Injiniya.

Kuma ya je, ba za a ce bai je ba. Ya bi layi har ƙafarsa ta yi tsami, wata mata a bayan gilashi ta ce sai ya kawo shaidar zama daga mai gidan da yake haya. Mai gida ya yi tafiya. Da ya dawo, aiki ya taso wa Injiniya a wata makaranta da injinanta suka mutu ana gab da jarrabawa. Da aka gama wannan, wani ya taso. In Malama ta tambaya, sai ya ce ana kai. In Auta ya tambaya, ya ce, "Kai dai yi aikinka, na je ofishin." Kwanaki suka yi ta wucewa ba abin da ya faru, maganar mai layi ta fara yi masa kama da surutun ma'aikacin da ke neman a kira shi aiki.

Yana durƙushe a wani ofishi, kansa cikin cikin wata na'ura, wayarsa ta yi ƙara. Malama ce. Bai taɓa jin muryarta haka ba, a shaƙe, kamar mai magana daga ƙarƙashin bargo.

"Sun rufe. Nawa da nasa. Sun ce mutum ɗaya ne yake yaudararsu."

Ya bar na'urar a buɗe ya taho. A gida ya same ta a kicin, zaune a kan 'yar kujera, famfo na zuba a kan kwanon da ya riga ya cika. Ba ta ɗago ba. Shekarun da ta yi tana gina sunanta, ta yi aiki da zazzaɓi, ta yi da ciwon baya, duk sun tafi a saƙo mai layi uku. Ya kashe famfon. Ya so ta yi masa faɗa, ta ƙi. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo.

Ya fito falo. Auta na tsaye riƙe da bayan kujera, fuskarsa ta yi fari.

"Yaya," ya ce a hankali, "ai ka ce ka je ofishin."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, tambaya ce ta wanda ya ruɗe. Amma ta sami Injiniya daidai inda yake ciwo. Ya ji jini ya hau masa kai.

"Ni kake tuhuma? A gidana? Kafin ka zo lafiya lau muke zaune! Shekara da shekaru tana aikinta ba wanda ya taɓa ta. Ka zo ka ci, ka sha, ka kwanta, yanzu ka kashe mata aiki, kuma kana da bakin tambayata? Har yaushe zan yi ta ɗaukar ka? Tun kana zubar da majina nake ɗauke da kai, na gaji!"

Malama ta fito da sauri. "Haba, maigida! Ni na ce ya buɗe. Ni ce!"

Amma magana zarar bunu ce. Auta ya dubi yayansa, ya daɗe yana dubansa, kamar mai son ya tabbatar daga bakin nan ta fito. Ya saki kujerar.

"To, Yaya," ya ce. "Allah ya huci zuciyarka."

Bai yi fushi a fili ba. Washegari ya gaishe su kamar kullum, ya share falo, ya sauke shara ƙasa. Injiniya ya yi niyyar kiran shi su yi magana, girman kai ya riƙe masa harshe, ya ce bari ƙura ta lafa. Rana ta biyu ya dawo daga aiki, mai kantin da ke ƙasan bene ya tsayar da shi ya miƙa masa mukulli.

"Ƙaninka ya ce in ba ka. Ya ce a gode wa Malama."

Ɗakin a share, katifa a jingine da bango, zanin gado a ninke. Sai da Malama ta je kasuwa Auta ya fita, don kada ta hana shi.

Abin da Injiniya ya kasa yi a watanni, sai ga shi ya yi shi a 'yan kwanaki. Ya tare mai gida a bakin mota ya karɓi takardar. Ya zauna a ofishin kamfanin layi har matar bayan gilashi ta haddace fuskarsa. Mai layi ya zo da wata rauta babba, ya yi ta latse-latse, ya jawo waya ɗaya zuwa teburin Malama, ɗaya zuwa ƙaramin ɗaki. Ya buɗe wani shafi a kwamfutarta, lamba ta fito. Ya jona tasa a wayar ƙaramin ɗakin, wata lambar daban ta fito.

"Ka gani? Gida ɗaya, layi ɗaya, ƙofa biyu. Ina yaron yake, ya zo ya gwada?"

"Ya yi tafiya," in ji Injiniya.

Mai layi ya dube shi, ya dubi Malama, ya tattara surutunsa ya zuba a jaka tare da kayan aikinsa.

Suka rubuta wa kamfanin ƙetaren. Suka tura shaidar layi, da katin shaidar Malama, da hoton na Auta da ke wayarta tun ranar da ta taya shi rajista. Amsa ta yi nawa. Da ta zo, aka buɗe wa Malama asusunta, amma a matakin sababbin shiga. Ta karɓa, ta koma buga irin muryoyin da a da ita ke duba wa wasu. Bayan wani lokaci kuma aka buɗe na Auta.

Injiniya ya kira shi a take, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ya rubuta masa: an buɗe, ɗakinka na da lambarsa, ka dawo. Amsa ta zo da yamma: "Madalla. Na gode, Yaya." Shi ke nan.

A bakin babbar yayarsu, wadda ke aure a wani gari, ya ji sauran. Auta ya sayar da kwamfutarsa ya yi kuɗin mota da na ɗaki. Yana wani garin masana'antu, yana aiki a inda ake yanka katako.

"Me ka gaya wa yaron nan?" ta tambaye shi a waya. "Ya ƙi faɗa mini. In na ambaci sunanka sai ya ce kana lafiya, ya sauya magana."

Injiniya ma ya sauya maganar.

Malama kaɗai Auta ke ɗaga wa waya. Da ita yana dariya, ya ce ta rage gishiri tunda ba ya nan ya ɗanɗana mata, ta ce ya dawo ko ta yi masa kishiyar miji. Ya ce zai zo, bari ya ɗan tara abin hannu, ba ya son ya sake shigowa gidan hannu rabbana. Injiniya kan tsaya daga bakin ƙofa yana saurare, in ta miƙo masa wayar, sai Auta ya ce an kira su aiki. Ya yi ta shirin zuwa da kansa. Ya ce ƙarshen wata, wata ya ƙare. Ya ce bari ya bar yaron ya huce, zuciya ba a yi mata dole.

Wata rana da hantsi yayarsu ta kira. Kuka ya hana ta magana, sai mijinta ya karɓa ya faɗa masa sunan asibitin.

Tafiyar yini ce. Injiniya bai san yadda ya yi ta ba, abin da ya riƙe kawai shi ne wata mata kusa da shi a mota ta yi ta miƙo masa ruwa yana girgiza kai. Ya kwana a tasha, da gari ya waye aka bar shi ya shiga. Dogon ɗaki ne mai gadaje jere, fanka ɗaya na juyawa da ƙyar, warin magani ya cika ko'ina. Auta na gadon ƙarshe kusa da taga. Ya rame, ya yi duhu, garin katako har yanzu a gashinsa. Hannunsa na dama na kan matashi, an naɗe shi da bandeji ya zama dunƙule guda. Yayarsu ta tare Injiniya a tsakiyar ɗakin ta raɗa masa: babban yatsa kaɗai likita ya iya cetowa.

Injiniya ya tsaya cak. Ya dafa ƙarfen wani gado har mai gadon ya ce, "Sannu, bawan Allah."

"Yaya," in ji Auta. "Ka sha hanya. Ya Anti?"

Injiniya ya zauna a bakin gadon. Duk maganar da ya shirya a mota ta gudu. Ya dubi dunƙulen bandejin, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Laifina ne," ya ce. "Ban koma ofishin ba. Sau ɗaya na je, na watsar. Na san laifina ne tun ranar, shi ya sa na huce a kanka. Abin da na faɗa, wallahi ba haka yake a raina ba. Ban taɓa gajiya da kai ba."

"Na sani."

"Ka yafe mini."

"Tun a mota na yafe, Yaya. Kafin mu fita gari." Ya dubi taga. "Yafewa ba ta yi mini wuya ba. Mantawa ce ta gagara. Duk lokacin da na ɗauki waya zan kira ka, sai in ji muryarka tana cewa ka gaji. Sai in ajiye."

Injiniya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa. Rabonsa da kuka a gaban mutane tun yana saurayi. Auta ya miƙo hannun hagu ya dafa masa gwiwa, kamar shi ne babba.

"Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Injin ne ya ja katakon, ni kuma na bi shi da hannu. Ba kai ka tura ni ba."

"Za mu koma gida tare. Ɗakinka na nan. Asusun na nan a buɗe. Akwai masu yi da hannu ɗaya, akwai manhajar da ake yi wa magana ta rubuta, zan nemo, zan..."

"Yaya." Ya faɗa a hankali, amma Injiniya ya tsaya. "Aikin nan sauri ne. Ka fi kowa sani. Kuma ba zan iya zama ina kallon Anti tana yi ba, ita ma ba za ta iya yi ina kallon ta ba. Za ta riƙa ɓoye hannunta. Ka bar ni in tafi wurin Yaya Babba."

Injiniya ya juya wurin yayarsu yana neman ta sa baki. Ta share ido da gefen mayafinta, ta girgiza masa kai.

Haka aka yi. Da aka sallame shi ya bi yayarsu. Malama ta je ta yi mako a can, ta dawo idanunta a kumbure, ta daɗe ba ta iya zama gaban kwamfuta ba. Ba ta taɓa ce wa mijinta kai ka jawo ba, ko sau ɗaya. Sai dai wasan da ke tsakaninsu ya yi ƙaura, gidan ya koma na gaisuwa da "ga abinci" da "sai ka dawo". Da mai layi ya kira ya tambaya ko a ci gaba da barin adireshi na biyu tunda ba a amfani da shi, Injiniya ya ce a cire. Asusun Auta kuwa kamfanin ya rufe shi da kansa saboda an daɗe ba a shiga ba.

Auta ya warke. Mijin yayarsu ya sama masa tsaron wani shagon kayan gini, yana karɓar kaya yana sallamar masu saye. Ya koyi rubutu da hagu, manyan baƙaƙe a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Yanzu yana ɗaga wayar Injiniya. Sukan gaisa gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya aiki, ya zafi, ya Anti, sai su yi shiru kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce to sai an jima.

Bayan damina Injiniya ya kai masa ziyara. Ya same shi a shago yana ƙoƙarin ɗaure bakin wani buhun ƙusa, ya danne igiyar da babban yatsan, yana ja da haƙori. Injiniya ya yunƙura zai karɓa.

"Bari, Yaya. Na iya."

Ya koma ya zauna a kan bokitin fenti yana kallo har aka ɗaure. Suka yini tare. Auta ya saya masa lemo, ya gabatar da shi ga maƙwabtan shago, yana cewa, "Yayana ne, shi ya riƙe ni." Duk sanda ya faɗa sai Injiniya ya ji kamar an soka masa allura.

Da la'asar ya rako shi tasha. Motar ta kusa cika, kwandasta na ta buga gefenta. Injiniya ya miƙa hannu don su yi sallama, Auta ya ɗago na dama bisa sabo, ya tsaya, ya mayar da shi aljihu, ya miƙo na hagu.

"Ka yi haƙuri da hagun, Yaya."

Injiniya ya kama shi da hannu biyu ya riƙe. Kwandasta ya ce saura mutum ɗaya, ya sake faɗa, fasinjoji suka fara gunaguni.

"Ka shiga," in ji Auta. "Za su ba wani kujerar."

Ya shiga. Ta taga ya hango shi yana komawa, yana ratsa tsakanin motoci, hannun nan a cikin aljihu, har wata babbar mota ta shiga tsakaninsu.